A-kori-kurar Baba Ta Ƙara Tsawo

A-kori-kurar Babanmu fara ce, ko in ce da can fara ce. Shekara goma sha tara tana hannunsa, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak ta taɓa maƙalewa a hanyar lambu. Wannan sau ɗayan ne ya hana mu sakat a gida har kusan wata biyu.

Lambun na lemo ne, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida. Rabin hanyar kwalta ce, sauran rabin kuwa don kara kawai ake ce mata hanya. Tun da Baba ya ajiye aikin safiyo, wato awon ƙasa, duk Talata da Asabar zai sa hular ranarsa, ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa, ya shiga mota ya tafi shi kaɗai. Wannan shi kaɗai ɗin ita ce maganar. Ba ya son direba, ba ya son ɗan rakiya. Umma takan ce a gida mijinta tsoho ne mai ciwon gwiwa, amma da ya ji kukan injin nan sai ka ga shekara ashirin ta zube daga jikinsa.

A ƙarshen damina ne ya maƙale. Awa uku ya yi a cikin taɓo kafin wani mai tarakta ya biyo ya ja shi. Ya dawo gida da laka har cinya yana ta dariya. Yaya bai yi dariya ba.

Yaya shi ne babbanmu, ma'aikacin ofis, mai son mahaifinsa irin son nan da ke zuwa da doka. Washegari ya tara mu a falo, ya ajiye wayarsa a kan tebur.

"Baba, abu biyu ne," in ji shi. "Ko a gyara motar nan ta dace da hanyar, ko ka haƙura da tafiya kai kaɗai a samo maka direba."

"Me ya lalace a jikinta?"

"Ba lalacewa ba ce. Ɗaga ta za a yi, a sa mata manyan tayoyi masu haƙora. Duba ka gani."

Ya kunna bidiyo. Wasu motoci ne dogaye suna hawan duwatsu, suna kutsawa cikin rafi ruwa har gilashi. Baba ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe, sannan ya tambaya ko mutanen nan akwai wani abu da suke zuwa ɗaukowa a bayan dutsen. Yaya ya ce wasa ne kawai. Baba ya ce to, zai yi tunani. A bakin Baba wannan kalma a'a take nufi, a kunnen Yaya kuma an amince ke nan.

Ni tela ce, shagona yana bayan layinmu, kuma ina da wata lalura tun ina ƙarama: ba na iya ganin abu in bar shi sai na san yadda aka yi shi. Na sha sayen riga sabuwa fil in warware ta don kawai in ga inda aka ɓoye ɗinkin. To tambayar nan ta shiga kaina ta ƙi fita. Wai dole ne? Idan mota ta yi shekara goma sha tara tana bin hanya, sau ɗaya ta kasa, motar ce ta gaza ko kuwa wani abu ne daban? Kuma idan aka ɗaga mota, me ake ɗagawa, me ake bari a ƙasa? Da Yaya ya ce bakanike yana son a auno masa zurfin ramukan hanyar, tun bai rufe baki ba na ce ni zan je. Tef ɗin awo dama a wuyana yake kwana.

Baba ya yi gunaguni, amma ya yarda. "Ke dai Uwata, ban da surutu," in ji shi. Haka yake kirana tun ina zanin goyo.

Da muka sauka daga kwalta bai yi nisa ba ya tsaya. Ya buɗe ƙofa, ya zura ƙafa ƙasa, ya zagaya tayoyin huɗu yana danna bakin kowace da kan ƙusa, iska tana fita tsss.

"Baba, da gangan kake sace iskar?"

"Taya mai tauri nitsewa take yi. Idan ta yi laushi sai ta baje, ta taka ƙasa da tafinta gaba ɗaya. Da mun dawo nan zan mayar, akwai famfo a bayan kujera."

Muka ci gaba. Gaba kaɗan akwai inda manyan motoci suka haƙa sawu biyu masu zurfi, tsakiyar ta tashi kamar kunyar gona. Ya sake tsayawa, ya sauka da sandarsa, ya taka wajen da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Yana tafiya yana caka sanda, nan ya ture dutse, can ya jefa wani a rami. Ni kuma na tsuguna na zura tef: inci goma sha uku. Na rubuta a bayan hannuna. Da ya dawo bai bi cikin sawun ba sam. Ya ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗayar a gefe, ya sa giya ta ɗaya, motar ta riƙa rarrafe a karkace har muka fita. Ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba.

Haka muka yi ta yi. Na ƙirga, sau bakwai ya sauka, sau bakwai ya hau. A wajen rafi ma cire takalmi ya yi ya shiga, ya nuna min inda tsakuwa take da inda yashi ke cin ƙafa. Ya ce wajen yana canzawa duk mako, don haka abin da ya sani ranar Talata ba ya dogara da shi ranar Asabar.

Can gaba ya nuna min wani wuri da taɓo ya bushe da sawun taya a murɗe. "Nan ne."

Na duba wajen. Ko rabin munin na baya bai kai ba. "To me ya faru ranar?"

Ya sosa haɓa. "Na tsaya zan sauka ke nan waya ta yi ƙara. Yayanki ne, wai na isa lafiya? Me ya sa har yanzu ban isa ba? Na ce masa ga ni nan a bakin lambu. To ka faɗi haka, sai ka ji kana son ya zama gaskiya. Ban sauka ba, na danna kawai." Ya juyo ya dube ni. "Kar ki gaya masa. Zai ji ba daɗi."

A lambu ya nuna min sababbin dashensa, ƙananan lemo arba'in da ya yi wa aure da hannunsa, kowanne da leda ɗaure a gaɓarsa. Ya ce ruwan sama ya ɗauke, daga yanzu sai ban ruwa sau biyu a mako har su kama. Muka ba su ruwa, ya tsinki kwando uku na lemo, ya ɗora su a bayan motar da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana tallafawa da cinya.

Na dawo gida da amsata a hannu, amma rabinta an hana ni faɗa. Sai na faɗi rabin da ya rage. Na ce wa Yaya inci goma sha uku ne, kuma a ganina motar tana iyawa. Goma sha ukun kawai ya ji.

Bakaniken da ke duba motar tun tana sabuwa, Likita ake ce masa, saboda da guntun tiyo yake sauraren inji, baki ɗaya a kunnensa ɗaya a jikin ƙarfe. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami a tsakiya, ƙasan ta yi baƙi da mai, safanu rataye a bango kowace da zanenta na fenti don a san wadda ta ɓata. Yaya ya ce wa Baba za a kai motar sabis, muka kai ta ni da shi.

Likita ya saurari jerin abubuwan da Yaya ya rubuto: a ɗaga ta inci shida, manyan tayoyi, bamba ta ƙarfe, injin jan mota mai igiyar waya a gaba, bututun shaƙar iska da zai hau gefen gilashi. Ya goge hannu da tsumma.

"Yallaɓai, wa zai tuƙa ta?"

"Baba mana."

"To a kawo min shi."

"A'a, ba ma so ya sani sai an gama. Kyauta ce."

"Ni dai da za a bi tawa," in ji Likita, "a sa mata tayoyi masu ɗan kaushi daidai girman nata, in ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Shi ke nan. Wannan bututun kuwa, sai in tsohon zai ƙetare kogi."

"Idan ruwa ya cika fa wata rana?"

"Ranar sai ya zauna a gida, kamar yadda ya saba."

Yaya ya kafe kai da fata. Ya ce ba zai sake zama a ofis yana tunanin mahaifinsa na cikin taɓo ba. Na san ba ƙarya yake ba. Likita ya ɗaga kafaɗa ya ce mota dai tasu ce.

A nan ne ya kamata in yi magana, kuma ban yi ba. Gaskiyar ita ce abin ya ba ni sha'awa. Kwana goma sha biyu aikin ya ɗauka, kusan kullum da na rufe shago da la'asar sai na biya. Likita ya gaji da tambayoyina har ya ba ni tsohuwar riga ya ce in sauka ramin in gani da idona. Na ga sifirin, faifan ƙarfe jere kamar an ninka yadi, na ga yadda ake sa masu lanƙwasa sosai a madadinsu. Na tambaye shi wannan dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, shi ma yana tashi?

"Yauwa, kin gano," in ji shi. "Shi ba ya tashi. Jikin mota ne ke hawa sama, shi yana nan a inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma ɗan kaɗan."

"To ashe mafi yawan tsawon na ido ne?"

"Ba duka ba. Hancinta da gindinta sun daina gugar ƙasa. Amma in kin tambaye ni ko dole ne, ya danganta da inda za a je da kuma wanda zai je."

Na ji maganar, na yaba da ita, na koma shago na ɗinka wa kujerun motar sababbin riguna masu ruwan toka. Har da aljihu na yi a gefe don gorar ruwansa.

Ranar Asabar da safe Yaya ya shigo da ita layinmu. Ban gane ta ba da farko. Ta yi tsawo ta yi faɗi, tayoyin suna gurnani a kan kwalta. Maƙwabta suka fito. Umma ta tsaya a ƙofar gida tana cewa ikon Allah. Baba ya fito da hularsa da sandarsa da gorarsa, don an ce masa yau za a dawo da mota daga sabis. Talata biyu da Asabar ɗaya sun wuce shi, ya ƙagu.

Ya tsaya ya dube ta. Ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, ya ƙwanƙwasa bambar da sanda, ya leƙa cikin bututun. Bai ce komai ba sai, "An gode, Allah ya yi albarka." Yaya ya miƙa masa makulli yana murmushi har kunne.

Baba ya buɗe ƙofa. Ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tsaya a iska, tazarar tafin hannu biyu tsakaninta da dandamalin motar. Ya sauke ta. Ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a ƙarƙashin cinyarsa ya taimaka mata, ta ƙara kaɗan, ta sake tsayawa.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ni nake ɗinka masa wanduna. Ni ce bara na ƙara musu faɗin ƙafa saboda yanzu a zaune yake sa wando. A duk gidan nan babu wanda ya san iyakar gwiwar nan kamar ni. Na auna rami, na auna sawun taya, na ƙirga saukarsa da hawansa har sau bakwai, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai in auna mutumin ba. Da wata mai koyon ɗinki ce ta yanka min yadi ba ta ga mai rigar ba, ranar za ta bar min shago.

Yaya ya matso. "Baba, bari in ɗaga ka."

"Kar ka taɓa ni."

A hankali ya faɗa, amma Yaya ya ja da baya. Umma ce ta shiga ciki, ta fito da 'yar kujerar da take zama a kicin, ta ajiye a gindin ƙofar. Baba ya dubi kujerar ya daɗe, sannan ya taka ta ya shiga. Kujerar ta rage a ƙasa. Kowa ya gane a lokaci ɗaya cewa sai wani ya ɗauke ta, kuma sai wani ya ajiye ta a can. Na ɗauka na shiga ɗaya gefen.

Sai in faɗi gaskiya a kan motar: ta iya. Da muka sauka daga kwalta Baba ya taka birki a inda ya saba, ya buɗe ƙofa, ya leƙa ƙasa, ya mayar ya rufe. A wajen sawu mai zurfi ma haka, hannunsa ya je kan ƙofar ya dawo. Motar ta bi ta tsakiyar ramukan tana jijjiga, ta ratsa rafin ruwa na tartsatsi. Tafiyar da muka yi a awa ɗaya da rabi wancan karon, muka yi ta a minti hamsin. Na so in ce masa ka gani, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye. Yana ta miƙa wuya yana neman ganin inda tayar gaba take takawa, hancin motar ya tare masa.

A lambu na zagaya na ajiye masa kujera ya sauko. Dashe shida sun bushe a kwanakin da bai zo ba. Ya taɓa ganyensu, suka marmashe. Muka shayar da sauran. Ya tsinki kwando ɗaya, ya kai shi bayan mota, ya ɗaga har cinya kamar yadda ya saba, sai ya ga bakin bodin yana daidai ƙirjinsa. Ya ajiye kwandon a ƙasa.

"Uwata," in ji shi, "yanzu duk Talata da Asabar shago za ki riƙa rufewa?"

"Zan iya, Baba."

"Na san za ki iya. Ba shi na tambaya ba."

Da muka dawo ya rataye makullin a ƙusar bayan ƙofa. Talata ta zo bai taɓa shi ba. Asabar ma haka. Yaya ya samo wani mai babur da zai riƙa zuwa ban ruwa, ya ce ai an warware matsalar. Baba ya ce to. Ya koma zaman falo da rediyo, ƙafa a kan matashi, da rana tsaka yana gyangyaɗi. A kwana goma na ga tsohon nan mai ciwon gwiwa da Umma ke faɗa, kuma wannan karon babu kukan injin da zai tashe shi. Motar tana ƙofar gida kowa ya wuce sai ya ɗauki hoto.

A rana ta sha ɗaya na zo da tef. Na durƙusa a gabansa na ce ya miƙe ya dafa bango.

"Wani wandon ne kuma?"

"A'a. Ɗaga min ƙafar nan iya inda ba za ta yi maka ciwo ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Mutumin da ya yi shekara talatin yana awon ƙasa ba sai an yi masa bayani ba. Ya ɗaga. Inci goma sha tara. Na fita na auna motar daga ƙasa zuwa dandamali: ashirin da bakwai. Na kira Likita na tambaye shi nawa take a da. Bai ko duba takarda ba ya ce goma sha takwas.

Inci ɗaya. Shekarun nan duka, abin da ke tsakanin Baba da zaman gida bai wuce faɗin babban yatsana ba, kuma mu da kanmu muka zo muka ƙara tara a kai.

Na kira Yaya na karanta masa lambobin uku. Ya ce ai sai a walda mata matakala. Na ce mai yiwuwa, amma wannan karon ba ni ba shi, mai motar za a tambaya. Raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi, shi ya sa ya fito da zafi. Bai yi musu ba.

Washegari muka je garejin mu uku. Likita ya share benci da tsumma ya zaunar da Baba, suka gaisa kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba. Yaya ya kawo maganar matakala.

"Ana yi," in ji Likita. "Sai dai in na sauko da ita inda ƙafarsa za ta kai cikin sauƙi, ita ce abu na farko da dutse zai gaisa da shi. Amma ana yi."

"Bayan motar ma matakala za a yi masa?" Baba ya tambaya. "Kwando ba ya hawa matakala. Idona ma da ke neman taya, ban san me za a walda masa ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Baba, ni dai ba na son ka sake maƙalewa ne."

"Na sani. Ita ma wannan za ta maƙale wata rana, sai dai ta fi nisa da mutane kafin ta yi. Tsohuwar tana sa ni in sauka in duba. Wannan ce min take yi kar ka damu."

Likita ya tashi ya shiga ƙuryar gareji, ya jawo wani buhu da ƙyar. Tsofaffin sifirin ne, an goge su an shafa musu mai, an ɗaure da waya. Tayoyin ma suna jingine a bayan tsohon inji da leda a kansu.

"Ba ka sayar ba?" na tambaye shi.

"Da aka ƙi kawo min mai tuƙin, sai na ce bari in ajiye."

Baba ne ya zaɓi abin da za a bari. Ya ce a bar farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin inji, wannan hankali ne. Ya ce a sa tayoyi masu ɗan kaushi daidai girman na da. Bututun a cire, shi ba kifi ba ne. Da aka zo kan injin ja, ya dubi Yaya na ɗan lokaci, ya ce a bar shi, ranar da ya maƙale zai ɗaura a bishiya ya ja kansa, ba sai ya jira mai tarakta ba. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Rigunan kujeruna kuwa babu wanda ya ambace su, na ɗauka sun ci jarrabawa.

Da aka gama, kafin a kunna inji na sa tef. Goma sha takwas da rabi. Likita ya ce kaushin sabuwar taya ne, zai cinye da tafiya.

Ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki na ji kukan injin a ƙofar shago. Baba ya sauko, ya shigo da hularsa da sandarsa. Bai zauna ba. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan teburin yanka, kusa da almakashi.

"Ki riƙe min wannan. Wajen azahar zan biyo in karɓa."

"Idan wani abu ya faru fa?"

"Akwai ƙarama a aljihun mota, a kashe. In na buƙata zan kunna." Ya juya, ya kama sitiyari, ya ɗaga ƙafa. Ta shiga, da ƙyar amma ta shiga. Na tsaya a bakin ƙofa har ya sha kwana.

Bayan kamar minti arba'in wayar ta yi ƙara a kan tebur. Yaya ne. Na ɗauka.

"Baba, ka isa?"

"Ni ce. Ya bar wayar a shago."

"Ya bar ta? Don me?"

"Yanzu haka yana ƙasa da sandarsa yana duba hanya."

Na ji ƙarar fankar ofishinsa, na ji wani yana magana can nesa da shi.

"Tela," in ji shi a ƙarshe, "ranar da ya maƙale, na kira shi wajen wannan lokacin. Ya ce min yana bakin lambu."

Ban amsa ba. An hana ni faɗa, ba a ce in yi ƙarya ba.

Ya ja dogon numfashi. "In ya dawo, kar ki ce masa na kira."

Na ce to. Na mayar da wayar kusa da almakashi, na koma kan keke na ci gaba da kalmasar da na bari.